Maƙeran Iya a hawa na sha huɗu

Ina ɗan shekara tara na shafe ƙofar firij ɗinmu da baƙin tukunya, wai ina neman inda take gogawa. Umma ta bi ni da ludayi, saura kaɗan in kai unguwar Tianhe, can ɗaya gefen birni, da ƙafa. Laifin Iya ne, kakata ta wajen Abba, wadda ta zo daga Kano duba ido ta zauna da mu a nan ƙasar waje, a unguwarmu ta Liwan.

A gidan bene ba a hura wuta, don haka bayan magariba sai ta sa a kunna mata hita, ta miƙe ƙafafu gabanta kamar murhu. Ni da ƙanwata Zainabu mu zauna a ƙasa.

Labarinta ɗaya ne. Wani maharbi bindigarsa ta toka ta fara kauce wa abin da ya auna, ga bauna tana cinye gonakin gari. Maƙera biyu suka ce za su daidaita ta, kuma wanda ya dace shi zai riƙe aikin maharba duka. Tanko na wuta ne: ya gasa ƙarfe, ya buga da masaba, ya kanne ido ɗaya ya duba. Audu kuwa ba ya zuga. Sai ya shafa baƙin tukunya a mahaɗar bindigar, ya haɗa, ya raba, inda baƙin ya goge nan zai bi da magagari. A bakin Iya, har kaza takan yi ƙwai ta ƙyanƙyashe bai gama ba.

Ni na Tanko ne, Zainabu ta Audu. Matsalar ita ce ƙarshen ba ya zama wuri ɗaya. Yau Audu ya ci, gobe Audu ya ci, jibi an yi kunnen doki. Ranar da na yi mata tausa kaɗai Tanko ke samun sa'a. Na taɓa tsare ta sai ta faɗi gaskiya.

"Angona, kai da ko ƙusa ba ka iya bugawa, ina ruwanka da gaskiyar maƙera? Miƙo min shayina."

Ta koma gida, bayan shekara biyu ta rasu. Na daɗe ina ɗauka darasin shi ne a bi aiki a hankali, har nakan yi wa Zainabu wa'azi da shi idan ina so ta yi min wanke-wanke.

Bana, muna cikin mota za mu garin Shiling duba jakunkuna, na tambayi Abba wa ya ci. Muna wuce gada ya ce Audu mahaifin Iya ne. An ba Tanko bindigar don ba a iya jira, ya gyara ta a yini guda, aka kashe baunar. Audu bai sake taɓa bindiga ba. Fartanya ya yi ta ƙerawa har ya mutu.