Rabon Ranakun Inji Bayan Babangida

Shekara shida ke nan da rasuwar Babangida. Ɗana ne na fari, ban taɓa kiran sunansa na yanka ba yana raye, ba kuwa a jarida zan fara ba. Ban yi boko ba. Ina faɗa ne, matarsa Hadiza tana rubutawa, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana.

Shi ya yi wa ƙungiyar manoman masara ta yankinmu, nan kudu da Tudun Wada, shafi a intanet. Injin sussuka ɗaya gare mu, ƙauyuka da yawa, kowa kuma so yake a sussuke masa kafin ruwan ƙarshen damina ya taɓa abin da ya tara a fili. Rabon ranaku abin faɗa ne tun kafin a san waya.

Da zai tsara shafin, 'yan kwamiti suka rabu. Wasu suka ce a yi irin wanda mutum zai latsa, sunayen ƙauyuka su zubo, ya zaɓi nasa, ya ga ranarsa kawai. Shi ya ce jadawali zai yi: kowane ƙauye da layinsa, kowace rana da gurbinta, duka a buɗe. Ba don bai san aibinsa ba. Jadawalin ya fi fuskar ƙaramar waya faɗi, sai an ja shi hagu da dama, har wani dattijo ya taɓa zamewa layin maƙwabta, ya yini jiran inji ranar da ba tasa ba. Na tsare Babangida a kan wannan, don ba na son a wahala a ce ɗana ne sila.

Ya ce, "Inna, wanda ya karanta ba daidai ba shi kaɗai ya yi asarar yini. In mu muka rubuta ba daidai ba, babu kuma mai gani, gari biyu ne za su haɗu a hanya."

Ban ce masa ya yi gaskiya ba. Ba na yabon ɗa a gabansa.

Bara sabon sakatare, Nura, ya cire jadawalin ya sa na zaɓen, wanda mutum zai latsa ya ga ranarsa kawai. Mai ladabi ne, ba zan ɓata shi ba. Jama'a suka yaba, rubutu ya yi girma, an daina ja hagu da dama. Ni ma da ba na karatu na ga ya fi tsabta a ido.

Sai da kaka aka ba mu Laraba, aka ba mutanen ƙetaren rafi ita Larabar. Kuskuren hannu ne. Babu wanda ya lura, don wa zai buɗe ƙauyen wani? Mun kira 'yan aiki, mun ɗora tukwane, masara jibge a fili, hadari yana haɗowa ta gabas. Direba ya iso mararraba ya tarar da mazanmu da nasu, sai ya kashe inji ya koma gefe. Kowane ɓangare ya ɗaga waya yana nuna ranarsa, kowa kuma gaskiyarsa ce. Na ga sanduna. Na ga lauje a hannun wanda ba girbi ya fito ba.

Na ratsa su na hau ƙarfen da ake jan injin da shi na zauna. Na ce duk wanda zai ja shi, da ni zai ja. Wani tsoho daga ƙetare, abokin wasana ne tun ƙuruciya, ya ce, "Sauka, tsohuwa, kada ki karya mana ƙarfe, mu rasa duka." Kaɗan suka yi dariya. Sanduna suka yi ƙasa, amma ba a yar ba. Aka raba yinin, su safe, mu yamma. Ruwa ya riske mu kafin a gama. Cikin masarar da ta yi baƙi har da ta Hadiza, abincin marayunsa.

A taron ƙungiya na nemi a mayar da jadawalin. Nura ya ba ni haƙuri, ya ce mafi yawa sun fi son sabon, zai riƙa dubawa da kyau. Aka ɗaga hannu, nasu ya rinjaya.

Nakan tambayi kaina me Babangida zai ce. Ba mai taurin kai ba ne irina. Wataƙila da ya bar musu na zaɓen a sama, ya shimfiɗa jadawalin a ƙasa. Abin da na sani, ba zai yarda ranar kowa ta zama tasa shi kaɗai ba, alhali injin na kowa ne. Wannan ne ya rage mini daga gare shi, shi nake riƙe da shi.

Yanzu duk Juma'a bayan la'asar Hadiza na buɗe ƙauyukan ɗaya bayan ɗaya tana karanta mini, ina sauraron inda biyu za su faɗa rana guda. Kunnena ya yi nauyi. Kafin ta kai na ƙarshe, na farkon ya fara kuɓuce mini.

Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ku kuma 'yan kwamiti, masara ta fara bushewa a kara, ba kuwa kowace mararraba ƙafata za ta iya kai ni ba.