Tsinken Ashana Biyu na Yaya Ado

Duk wanda ya san Yaya Ado mai birki na Sharada ya san kwalin ashanarsa. Mutumin da bai taɓa sa taba a baki ba, ko gawayi bai iya hurawa ba, amma ba ya fita sai da ashana a aljihun gaba. Har limamin unguwarmu ya taɓa jan sa gefe ya yi masa nasiha a kan sigari. Yaya ya bari sai da liman ya gama tsaf, sannan ya zaro tsinke biyu, ya haɗa su, ya cusa a ƙarƙashin ƙyauren masallaci. Suka ƙi shiga. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ni ba na sha. Amma ƙyauren nan naku kafin damina zai fara cin daɓe." Ya kuwa ci!

Ashanar nan ita ce ma'auninsa. Ya daɗe yana gyaran injuna a wani kamfanin saƙa a Bompai, da aka rufe shi ya dawo Sharada ya kafa rumfa, ba ya taɓa komai a mota sai birki da ƙafa. Dokarsa ɗaya ce: tsakanin rim, ƙarfen da taya ke zama a kai, da kalifa, wato ƙarfen nan da ke damƙe faifan birki, sai tsinke biyu a haɗe sun wuce ba gardama. Kullum maganarsa, "Ido maƙaryaci ne, tsinke ba ya cin hanci."

Ni ce ƙanwarsa Hajara, mai sayar da abinci a ƙofar majemar Challawa, kuma in ana neman wadda ta fi kowa shan wuyar tsinken nan, to ga ni. Amma bari in fara da Alhajin Nassarawa, don na san wasunku suna wurin.

Alhajin nan ya sa wa motarsa manyan birki, sannan ya sayo rim huɗu masu ƙyalli kamar farantan amarya. Aka ɗora na farko, aka juya, sai ƙurr! Kalifa na kartar rim. Alhaji ya ce, "Malam Ado, ai abu kaɗan ne. Ɗauko injin gurza ka ɗan rage kalifar."

Yaya ya dube shi daga hula har takalmi. "Alhaji, takalmin nan naku sabo ne?"

"Sabo ne."

"In ya matse ku, ƙafar kuke kai wa mahauci ya rage?"

Alhaji ya kwashi rim ɗinsa ya tafi yana cewa bai taɓa ganin makanike mai korar ciniki irin wannan ba. Bayan kwana biyu ya dawo da wasu, da kansa ya miƙo ashana.

To ga nawa. Ni ban shiga aji ba sai da na aurar da 'ya'ya uku. Na yi yaƙi da jahilci, na iya karanta allon hanya, na ce to saura tuƙi. Mata suka yi ta dariya, na bar su da haƙoransu a waje. Na sayi tsohuwar mota mai dogon baya, ina loda kulolin shinkafa da wake da miya daga Zawaciki zuwa Challawa. Hutun ma'aikata rabin awa ne kacal. In ƙarfe sha biyu ta buga ba ki a ƙofa, akwai mata uku da ke jiran gurbinki, kuma mai jin yunwa ba ya tuna sabo.

Rannan Yaya ya ga na taka birki a gaban rumfarsa, motar ta wuce shi da taku goma kafin ta yarda ta tsaya. Ya ce, "Hajo, birkin nan na ɗaukar mutum biyar aka yi shi. Ke da kulolinki kun fi ƙarfinsa."

Na ce, "Kulolin dai."

Ya ce, "Na ce ke da kulolin."

Ya sa mini faifai da kalifar babbar mota. Sai tsoffin rim ɗina na ƙarfe suka ƙi shiga, sun yi ƙanƙanta. Ya ce in jira Lahadi mu je kasuwar Ƙofar Ruwa tare. Ni jira? Da sassafe na tafi ni kaɗai, na zaɓo huɗu masu yatsu bakwai, ina ganin fuskata a jiki. Mai shagon ya rantse mini girmansu daidai ne, na karanta lambar da idona, sha biyar, kamar yadda Yaya ya faɗa. Na kawo ina taƙama.

Ya ɗora ɗaya, ya ɗaure, ya juya. Shiru, ba ƙara. Na ce, "Ka gani? Karatu ya yi rana."

Ya cire, ya goga alli a bayan kalifa, ya mayar, ya sake juyawa, ya sake cirewa. Ya nuna mini cikin rim: farin layi siriri a bayan kowane yatsa. Ya cusa tsinke ɗaya tak, ya karye.

"Faɗin ya yi," in ji shi, "zurfin ne bai yi ba. Yanzu lasa yake. In ƙarfe ya yi zafi, kin ɗora kaya, kin faɗa ramin hanyar Challawa, cizo zai yi."

Ƙarfe sha ɗaya saura, abinci na cikin mota. Na ce na ji ana sa wani zoben ƙarfe a bayan rim ya turo shi waje. Ya ce, "Ana sawa. Naki kusoshin gajeru ne, noti zai kama zare uku kawai. Kina so tayarki ta riga ki isa Challawa?"

Na ce, "Yaya, motata ce!"

Ya ce, "Ƙanwata ce a ciki." Ya zare makulli ya jefa a aljihu, kusa da ashana.

Wallahi na yi masa tas. Na tuna masa tun daga ƙosaina da ya cinye muna yara har zuwa ranar. Masu faci da masu walda suka taru suna kallo. Shi kuwa ya tare a-daidaita-sahu biyu, ya kwashe kulolin da hannunsa, ya shige tsakaninsu ya rungume ta miya. Muka isa ƙofar majema saura minti biyar. Kwana uku muna haka. Har ya koyi zuba abinci, sai dai ma'aikata suka kawo ƙara, wai dattijon nan ƙirga wake yake yi.

Kullum da la'asar kuma sai ya tafi Ƙofar Ruwa. Ya yanka kwalin sukari daidai siffar kalifata, ya ƙara kaurin tsinke biyu a baki. Shago-shago yake bi, yana cusa kwalin a cikin kowane rim. 'Yan kasuwa suka sa masa suna Mai Kwali, suna hango shi su ce an tafi salla. Rana ta uku ya musanya masu ƙyallina da wasu huɗu: biyu baƙaƙe, ɗaya ruwan toka, ɗaya kuwa an taɓa yi masa jan fenti.

Na ce, "Wannan ai motar mahaukaciya ce."

Ya ce, "To ai an dace." Ya ɗaure su, ya zura tsinke biyu a kowace ƙafa, suka wuce sumul. Sannan ya ba ni makullina.

Tsoffin rim ɗin ƙarfen ma bai bari an kai wa 'yan gwangwan ba. Ya sa aka yi musu ƙafafu, suka zama murhu. A kansu nake dafa shinkafar Challawa har gobe, gurbina kuma ba wadda ta taɓa shi.

Da Allah ya yi masa rasuwa aka zo rabon kayansa, na ce a bar mini kwalin ashanar kawai. Watan jiya rim ɗin nan ja ya tsage, na je aka sa wani. Makaniken ya juya taya ya ce, "Hajiya, ya zauna, da ido ma kin gani." Na kwance bakin zanina, na zaro tsinke biyu, na durƙusa da gwiwoyin nan nawa masu ciwo. Suka ƙi shiga. Na ce, "Cire." Ya fara yi mini bayani, na ce, "Cire, ɗan nan. Ido maƙaryaci ne." Ya duƙa ya cire.

Allah ya jiƙan Yaya Ado, ya gafarta masa. Ya ƙare rayuwarsa yana nema wa mutane sararin tsinke biyu don su koma gida lafiya. Ya Allah, kada ka bar ƙasa ta matse shi, ka yalwata masa kabarinsa iya ganin idonsa. Amin.