Kitson 'Yar Riƙo

Duk matar da ta taɓa ajiye kanta tsakanin gwiwoyin Mai Kitso ta san dalilin da ya sa ake ce mata Hannun Ƙarfe. In ta kama gashi daga gindinsa, sai idon mace ya kawo ruwa, girarta ta ɗage sama kamar wadda aka ba labarin mamaki. Amma fa kitson sai ya yi wata bai tashi ba. Shi ya sa shagonta, wani ɗan ɗaki a bakin titi mai madubi ɗaya da benci da kujeru 'yan tsugunno, ba ya rabo da layi. Mata su tashi suna tsine wa hannun, gobe su kawo ƙannensu.

'Ya'yanta biyu, Babba da Auta, sun fi kowa shan hannun nan. Ranar da babu makaranta, da safe kafin mutane su fara zuwa, sai ta zaunar da su ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta motsa ta sha bayan mataji a ƙeya.

"Tsaya mana, kai kamar kabewa! Na ubanki kika ɗauko, ni mene ne laifina?"

Maigida direban bas ne, mai haƙuri. In yana kusa sai ya shafa nasa kan, ya ce don Allah a bar shi ya sha shayinsa lafiya.

Ta ukun daga gidan marayu ta zo. Mai Kitso kan je can jefi-jefi ta yi wa yara kitso don Allah, a nan ta ga wata 'yar shekara shida, ba ta magana, sai dai ta tsaya kusa ta riƙe mata kwalbar mai. Ran nan da za ta tafi, yarinyar ta biyo ta har ƙofa da kwalbar a hannu. Mai Kitso ta koma gida abinci ya ƙi ciyuwa. Ta yi shawara da Maigida da yaran, aka yi ta zirga-zirga daga wannan ofis zuwa wancan, har aka ba su ita. Jami'ar da ta miƙa ta ta riƙe hannun Mai Kitso ta ce, "Amana ce fa. Yarinyar nan ta sha wuya kafin ta zo hannunmu. Kada ta ƙara yin kuka a gidanki."

Maganar nan ta zauna mata a zuciya daram. Yarinyar, da suka laƙaba wa Shiru-shiru, ita ce mai sabuwar katifa, ita ce mai tsoka mafi girma. In aka yi ɓarna, Auta ce ke shan faɗa ko da ba ta wurin. Ranar kitso kuwa, da an zo kan Shiru-shiru sai Hannun Ƙarfe ya koma auduga.

"Sannu, 'yar albarka. Da zafi? In sassauta?"

Yarinyar ta girgiza kai, amma duk da haka sai ta sassauta. To, kowa ya san kitson da bai kama gindi ba ba ya kwana. Kafin tsakiyar mako ya yi buzu-buzu, tsagar ta ɓace, alhali na Babba da Auta na nan yana ƙyalli. Sai Mai Kitso ta tsefe ta sake yin wani sako-sakon, tana jin daɗi a ranta wai tana riƙe amana. Wajen shekara biyu ana haka, matar da ke hango gashi ɗaya da ya kauce a kan baƙuwa ba ta ga komai ba.

Wata rana da la'asar, shago cike da mata, ta ɗaga labulen ɗakin baya za ta ɗauko zare. Sai ta ji muryarta, tata ta kanta, tana fita daga bakin wata.

"Tsaya mana, kai kamar kabewa!"

Auta ce zaune a kan bokitin da aka kifa, ta matse Shiru-shiru tsakanin gwiwoyi, tana jan gashin da iya ƙarfinta. Ƙwas, ta sauke mata bayan mataji a ƙeya. Idon Shiru-shiru ya cika taf da hawaye.

Mai Kitso ba ta tambayi ba'asi ba. Ta fizgo Auta ta kunne har tsakiyar shago, a gaban kowa.

"Muguwa! Marainiyar Allah za ki zalunta a gidana? Ashe haka kike mata in na juya baya?"

Auta sai huci take. Shiru-shiru ce ta fito, rabin kai a kitse, rabi a tsefe, ta yi maganar da ta fi duk wadda aka taɓa ji a bakinta tsawo.

"Mama, ni na roƙe ta. Na ce ta yi min irin nasu. A makaranta an ce nawa kitson 'yar riƙo ne, wai shi ya sa ba kya ɓata lokacinki a kai." Ta goge hanci da bayan hannu. "Kuma ni ba kya buga min mataji. Ko don ba ke kika haife ni ba?"

Wata dattijuwa, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta daɗe tana kitso a wurin, ta gyara zama a kan benci.

"Tunda yarinya ta fasa ƙwan, bari in faɗa miki, 'yar nan. Mu ma abin da muka ɗauka ke nan. Mukan ce, dubi hannun da take sa wa nata, dubi na wannan. Nauyinki kawai muke ji."

Kunya ta rufe Mai Kitso, irin wadda mutum ke rasa inda zai sa idonsa. Ta duba madubi ta kawar da kai. Ashe duk lallaɓawar nan, tambari take buga wa yarinyar a ka, tana tura ta makaranta kowa na karantawa. Ga kuma kunnen Auta har yanzu a hannunta. Ta sake shi a hankali.

"Auta, yi haƙuri."

"Ai mun saba," in ji Auta. "Mu ne jakunan gidan."

Wannan ma ta shige ta. Ta ba matar da take yi wa kitso haƙuri, matar ta tashi da kanta ta koma benci. Mai Kitso ta jawo kujera da ƙafa.

"Zo nan."

Shiru-shiru ta zauna. Mai Kitso ta tsefe kwaɓar da Auta ta yi, ta tsaga, ta shafa mai. Ta kama gashin daga gindi ta ja.

"Wayyo!"

Nan take yatsunta suka fara sakewa, muryar jami'ar nan na dawo mata a kunne. Daga bakin ƙofa Auta ta ce, tana shafa kunnenta, "Mama, kada ki saki."

Ba ta saki ba. Yarinyar ta yi ta mutsu-mutsu, kanta na zillewa gefe. Mai Kitso ta ɗaga mataji, ta tsaya, sannan ta sauke shi, ƙwas.

"Tsaya mana, kai kamar kabewa! Na ubanki kika ɗauko!"

Sai da maganar ta fita ta ji abin da ta ce. Babu wadda ta yi dariya a shagon. Dattijuwar ta sunkuyar da kai tana gyara ɗankwalin da babu abin da ya same shi.

Da aka gama, Shiru-shiru ta miƙe, goshi na sheƙi, gira a ɗage, wuya ya ƙi juyuwa. Ko madubi ba ta duba ba, ta fice waje wurin yaran maƙwabta da ke wasa a bakin titi. Ta cikin taga Mai Kitso ta jiyo muryarta, da ƙarfi, yadda kowa zai ji.

"Kada wanda ya taɓa min kai! Mamanmu ce ta yi min. Wallahi Mamanmu mugun hannu gare ta, mu dai muna shan wahala a gidan nan."

Matar da aka katse wa kitso ta dawo ta zauna a kujerar. Ta daɗe tana jira ba a taɓa kanta ba. Da ta waiwaya, sai ta ga Hannun Ƙarfe ta rufe fuska da tafukanta biyu, matajin na nan a tsakanin yatsunta.