Akuyar da Bitrus Ya Hana a Taɓa

Shekara bakwai ke nan da muka kai Bitrus makwancinsa a Fadan Kagoma, kuma wallahi saura ƙiris in fasa ba da wannan labari. Na san mutanen tashar Kafanchan. Ranar da jaridar nan ta shiga hannunsu, ni da shan shayi cikin kwanciyar hankali sai wani ikon Allah. Amma in na yi shiru, wani ɓangare na kirkin mutumin nan zai bi ni kabari.

Tare muka tashi a bakin tasha, ubansa na gyaran layin dogo, nawa na ɗinki. Shi coci, ni masallaci, kwano ɗaya. Na girma na zama mai duba tikiti, jirgi ya yi ta yawo da ni daga Nguru har bakin teku. Shi kuma ya shiga soja, da aka gama yaƙi ya tuɓe kaki ya kama gadi a Fatakwal. Da aka sake buɗe layin Gabas, sai ga ni ina sauka garin a kai a kai.

Lokacin Hausawan Fatakwal ba su gama dawowa ba. Ba mai tsire, ba mahaucin da ka sani. Sai Bitrus ya mai da cikina aikinsa. In na sauka zai ja ni unguwa-unguwa: wurin matan Kalaba masu miyar ganye mai kauri, wurin Ibo masu farfesun kan akuya, can bakin ruwa wurin masu gasa agada da kifi. Shi ke fara shiga, ni ina tsaye a waje kamar mai jiran iso. Ya buɗe tukunya, ya shinshina, ya tambayi inda aka sayo naman. Abin da ya fi sa wa ido shi ne ludayi. In ya ga wanda ya fito daga tukunyar naman daji ya koma ta kifi, sai ya fito yana kaɗa kai. “Malam, mu ƙara gaba. Ludayin nan ya cika yawo.” Wata mata har da tsintsiya ta raka mu, wai mu 'yan duba-gari ne.

Ƙarshenta dai kullum kifi. Na ci kifi har hulata na ƙarni. Muna tafe kuma ina yi masa karatu: yadda ake fuskantar da dabba alƙibla, inda wuƙa za ta bi, abin da ake faɗa. Bakina ya iya yanka ƙwarai da gaske.

Yanzu kajin ƙanƙara ake saukewa daga jirgin ruwa, a kwali, ba kai ba ƙafa, ana rububinsu a kantunan Kaduna. Har ni na ci, ban tambayi kowa komai ba. Nakan ce da Bitrus na nan, da ya ɗaga guda ya shinshina, ya tambayi mai kanti ko kazar ta girme shi. Daga nan ya juyo ya dube ni, ni mai dogon karatu.

Mu mutanen gida mun san al'adar. In Kirista zai yanka akuyar biki ko ta Kirsimeti, Musulmi yake kira ya sa wuƙa, don maƙwabta su ci hankali kwance. Wannan al'ada Bitrus ya ɗauko ya kai Fatakwal. A gidan hayarsu akwai mutanen Kagoma da na Kachia da na Zonkwa, suka haɗu suka sayi akuya guda. Ranar Kirsimeti aka taso daga coci da hantsi, shinkafa ta dahu, miya na jiran nama. Jirgina kuwa sai bayan azahar yake isa.

Rifkatu, matarsa, ita ta ba ni labarin rigimar da aka yi kafin in iso. Wani tsohon saja ya ce, “Saboda mutum ɗaya yara za su yi azumi ranar haihuwar Yesu?” Bitrus ya zauna kan igiyar akuyar. “Ba wanda zai taɓa shi sai Malam ya zo. Mutumin nan ya gama kifin garin nan. Yau zai ci nama, ko mu duka mu ci kifi.”

Ina shiga gidan mata suka rangaɗa guɗa. Kafin in ajiye jaka an danƙa mini wuƙa, an wasa ta tana walƙiya.

To jama'a, ban taɓa yanka ko kaza ba. A gidanmu babana ke yi, bayansa yayana. Ranar layya ni ne mai zuwa ɗebo ruwa, kuma ba na dawowa da wuri. Jini juya mini kai yake yi. Bitrus kuwa ya ɗauka kowane Musulmi da wuƙarsa aka haife shi, balle wanda ya cika masa kunne da bayani. Ga yara sun kewaye ni da idon yunwa, ga saja ya harɗe hannu. In na ce ban iya ba, ba ni kaɗai zan ji kunya ba. Bitrus ne za a ce ya sa gida guda jiran banza.

Ya dubi wuƙar. Ya dubi fuskata. Nan take ya ɗaga murya: “Ku ba da wuri! Malam ba ya yanka a gaban mutane, haka dokarsu yake.” Ba wata doka irin wannan, a nan ya ƙirƙiro ta. Ya ja akuyar bayan gida, gindin ayaba, ya kayar da ita, ya juya ta yadda na koya masa.

“Garba,” in ji shi a hankali, ya ajiye Malam ɗin, “ka faɗi naka. Ni zan riƙe hannunka.”

Na ce Bismillahi, Allahu Akbar, na runtse ido. Wuƙar na hannuna, ƙarfin nasa ne. Da aka gama na juya na yi amai a gindin ayabar mutane. Ya jira na kuskure baki, sannan ya fita yana shela wai wuƙa ɗaya Malam ya ja, ko a Kano sai an tona. Aka zubo mini wuya, rabon mai yanka. Saja da kansa ya miƙo. Na kuwa cinye, ina kallon ƙasa.

Kirsimetin da ta biyo baya, haka muka sake yi. Kafin ta uku ciwo ya ɗauke shi. Bai taɓa tsokanata da maganar ba, shi da ke tsokanata da komai, har da yadda nake tafiya.

Bitrus bai bar gida na bulo ba, bai bar gona mai faɗi ba. Abin da ya bar mini shi ne nauyin hannun nan a kan nawa. Mutum ne da ya tsare mini addinin da ba nasa ba, da ya gano raunina kuma ya tsare wannan ma. Tun rasuwarsa kowace Kirsimeti a hanya take samuna, ban kuma taɓa roƙon a canja mini ranar aiki ba.

Makon jiya na je gai da Rifkatu. Ta dawo Kafanchan, tana sayar da fate kusa da kasuwa. Na ce gara ta ji daga bakina kafin jarida. Ta yi dariya har tana riƙe ciki, daga baya ta sa bakin zane ta goge ido. Ta zuba mini fate, ta zauna tana kallona ina sha.

“Iliya ya fara aiki,” ta ce, babban ɗansu ke nan. “Shi ya sayi akuya bana. Malam, in ce masa ya jira ka?”