Tsohuwar Da Ke Zaɓen Yadi Da Wuyanta

Tela yana shagon yadi, riƙe da wani mai sheƙi da zai ɗinka wa mahaifiyarsa marar lafiya. A gefensa ga wata tsohuwa siririya, hannuwanta duk sun yi kanta. Ba ta kallon yadi, runtse ido take ta goga shi a wuyanta.

"Iya, ga mai kyau," in ji mai shago.

"Kyan ɗan maciji ne, ɗana. Wanda ke kwance ina ruwansa da ado? Ƙaiƙayi yake ji."

Wa take jinya, miji ko 'ya? Tela bai tambaya ba. Ya goga nasa a wuya, ya ji kamar buhu. Riga uku ya ɗinka wa mahaifiyarsa da irinsa, ba ta taɓa cewa uffan ba.

"Allah ya saka miki, Iya. Zaɓar mini."