Takardun Turai

Hansai ta haura shekara ashirin tana buga takardu a wata ma'aikatar gwamnati da ke Doka. Yaran da ta koya wa kunna kwamfuta duk sun haye ta, don da digirinsu suka zo. Ba mai yawan magana ba ce, amma abin yana cin ta. Da ta ji jami'a na ɗaukar manya masu aiki, sai ta ce wannan karon da ita za a yi. Sakamakon sakandare kawai aka nema, kuma nan ake yin ta.

Yayarta Turai ce ta ci jarrabawar shiga sakandare, sanƙarau ya ɗauke ta kafin a buɗe makaranta. Mahaifinsu, Malam Yusha'u, Allah ya jiƙansa, mutum ne da ba ya son asara, ya ce gurbin ba zai tafi a banza ba. Aka saka wa Hansai kayan makarantar da aka ɗinka wa marigayiya, aka naɗe hannun riga. Har ta gama sakandare sunan Turai take amsawa. Da ta tashi neman aiki, da takardar firamare da ta koyon tafireta ta shiga, da sunanta na yanka, don ta gaji da amsa sunan wadda ke kabari.

A tsohuwar makarantar, sai da ta yi ta sintiri kafin akawu ya zaƙulo fayil ɗin a ɗakin ajiya, gara ta ci gefensa.

"Hajiya, nan Turai Yusha'u aka rubuta, katinki kuma Hansai," in ji shi. "Ki je kotu ki yi rantsuwa cewa ke da Turai mutum ɗaya ne, ki zo da babba na gida ya shaida. Kowa haka yake yi."

Babban da ya rage mata mahaifiyarta ce, a Badarawa. Hansai ta same ta a tsakar gida tana tsintar shinkafa, ta zauna ta yi mata bayani a hankali, kunya da fargaba sun cika ta. Ta ce in aka rufe ɗaukar ɗalibai, haka za ta yi ritaya a kujerar da ta fara aiki.

Tsohuwar ta ɗago ta dube ta.

"Ranar da ubanku ya saka miki rigarta na yi shiru, don ba a tambaye ni ba," ta ce. "Ko hotonta ba ni da shi. Yanzu kuma in je gaban alƙali in ce ba a taɓa yin ta ba? Biyu na haifa, Hansai, na binne ɗaya."

Hansai ta jawo faifan gabanta, ta ci gaba da tsintar shinkafar, idonta ba ya ko ganin tsakuwar.