Warin Fata a Filin Raga

Ba na jin zan manta da yammacin da na raka Yaya Habi filin ƙwallon raga na Dorayi. Dogon hutu ne bayan jarrabawar aji uku, ina aiki a ƙungiyar matasan unguwarmu a Sharada. Aikin da sauƙi a baki: mutum ya ce yana son ƙwallo, ko dara, ko koyon saƙa, mu haɗa shi da masu yi a kusa. Hajiya Ladi, shugabar ɓangaren mata, ita ke magana da ƙungiyoyi. Ni ke raka sabuwar zuwa ranar farko, don ba kowa ke iya shiga cikin baƙi ita kaɗai ba. Ni ma ban iya ba, sai dai in tsaya gefe in yi ta kallo.

Yaya Habi 'yar Jigawa ce, tana aiki a wani kamfanin jimar fatu a Challawa. Ta ce tun zuwanta Kano, daga bakin inji sai ɗaki. Ta buga raga a makaranta, kuma so take ta samu wurin da za a kira sunanta ba don aiki ba.

Bayan la'asar ake tashinsu, magariba kuma ke tsayar da atisaye. In ta biya gida wanka, sai dai ta tarar ana naɗe raga. Shi ya sa muka hau adaidaita daga ƙofar kamfani. A ciki na ji warin, ɗanyar fata da sinadari, ya kama hijabinta har da jakarta. Mai adaidaita ya ɗage labule.

A fili ta buga da kyau, har aka tafa mata. Amma na lura duk wadda aka tsayar kusa da ita sai ta ɗan ja baya. Da aka sha ruwa, aka ture kofinta gefe.

Kyaftin ɗinsu, Anti Murja, ta ja ni bayan bishiya.

"Ƙanwata, hannunta na da kyau, ba ƙarya. Amma ki ce ta riƙa wanka kafin ta zo."

"Anti, kafin ta yi wanka kun tashi."

"To ya za mu yi? Ni ma daga kamfanin robobi a Bompai nake, wuni nake shaƙar hayaƙi. Iska na zo sha nan."

Washegari na gaya wa Hajiya Ladi. Na ce, "Hajiya, ko za ku roƙe su su ɗan ja lokacin?"

Ta cire tabarau tana murza ido. "Su ja shi zuwa ina? Magariba ta Allah ce, lokacin tashi na kamfani ne. Wanne zan matsar?"

Duk da haka ta je da kanta makarantar da filin yake, ko za a ba Yaya Habi banɗaki ta watsa ruwa. Maigadi ya murɗa mata famfo, iska kawai ya fitar. Muka bincika filayen raga na Kumbotso da Na'ibawa. Ko'ina tsakanin la'asar da magariba ake yi.

Ni aka aika in faɗa mata. Na same ta a ƙofar kamfani da takalmin wasanta a leda. Na fara kame-kame, ina juya bakin hijabina.

Ta ce, "Kar ki wahalar da bakinki, ƙanwata. Hancina ne ya daina ji, idona yana gani." Ta gyara riƙon ledar. "Ki gaishe su. Sun iya wasa."

Ba ta sake zuwa ba, ni kuma hutu ya ƙare ban samo mata wani wuri ba.

A wannan aiki na gane samo wa mutum 'yan wasa shi ne ƙaramin abu. Masu kora da wadda aka kora duk a gajiye suke, kuma ɗan yammacin nan guda suke rabawa. Yanzu in ina taimakawa ranar Asabar, mace ta zo, ba wasan nake fara tambaya ba. Nakan ce, "Yaushe ake tashinku, kuma a ina za ki samu ruwa?" Da yawansu sai su yi murmushi, su ce bari su yi shawara tukuna.